Kuhan Gwaggo: Gadon da Ruwan Volta Bai Cinye Ba

A gidanmu akwai wani kek da muke gasawa duk ƙaramar salla, muna kiransa kuhan. Sai da muka girma muka gane kalmar Jamusanci ce, Kuchen, bakin Hausawa ya lanƙwasa ta.

Ga yadda abin ya samo asali. Jamusawa sun kafa mulkinsu a Togo a 1884. Bayan yaƙin basasar Salaga na 1892, fatake Hausawa da yawa suka kwashe zuwa Kete-Krachi, inda Jamusawa suka buɗe barikinsu a 1894. A wannan gari ne Alhaji Umaru, shahararren malamin nan, ya zauna har ya rasu a 1934, kuma a wurinsa jami'in Jamus Adam Mischlich ya ƙara sanin Hausa. Kakan mahaifinmu yana saurayi ya yi aikin kuku a gidan wani Bajamushe a barikin. Da Jamusawa suka sha kashi a 1914 suka tafi, shi kuwa ya koma zango da abin da hannunsa ya koya.

Kek ɗin shi ne wanda Jamusawa ke kira Streuselkuchen, an fi danganta shi da yankin Silesiya, wanda yawancinsa yanzu yana cikin ƙasar Folan. Hawa biyu ne. A ƙasa kwaɓin fulawa da yis da madara, a sama kuma barbaɗen fulawa da sukari da man shanu, wanda ake murzawa da yatsu.

A 1964 tafkin Volta ya fara cika bayan an datse kogin a Akosombo. Mutane wajen 80,000 aka tasa daga gidajensu, tsohon garin Kete-Krachi ya nutse. Gidan kakanninmu da tandar ƙasa da tsohon ya gina duk suna ƙarƙashin ruwa. Gwaggonmu, wadda ta koya a hannunsa tana yarinya, ita ce ta fito da kuhan a cikin kanta, domin ba a taɓa rubuta shi ba.

A sallar da ta wuce hannun Gwaggo ya ƙi, sanyin ƙashi ya kama mata yatsu. Muka ce mu ɗauke mata. Muka narkar da man shanu muka zuba a fulawa, barbaɗen ya zama kunu, ƙasan kuma ya ƙone. Ta ɗanɗana ta ajiye, ta ce, "Ɗana, kuna koyar da 'ya'yan mutane lissafi, awon gidanku ya gagare ku?" Kunya ta kama mu. Washegari muka zauna gabanta da littafi da biro.

Ga abin da muka rubuta, da gwangwanin madara ake awo. Na ƙasa: fulawa gwangwani 5, sukari rabin gwangwani, madara mai ɗumi gwangwani 1 da rabi, man shanu cokali 3, yis ƙaramin cokali 2, gishiri kaɗan. A kwaɓa sosai, a rufe da ƙyalle awa ɗaya har ya ninka. Madarar kada ta yi zafi, zafi yana kashe yis. Na sama: fulawa gwangwani 2, sukari 1, man shanu 1, amma man ya kasance a daskare, a murza sama-sama har ya yi gudaji kamar dambu. Nan ne muka yi kuskure. A shimfiɗa kwaɓin a faranti, a shafa madara, a barbaɗa. Wanda ba shi da tanda ya zuba yashi a babbar tukunya, ya ɗora farantin a kai, garwashi kaɗan a ƙasa, mai yawa a kan murfi, kamar rabin awa.

Wani ƙanenmu ya ce me ya sa za mu riƙa raya abincin mutanen da suka sa kakanninmu aikin tilas, suka yi musu bulala 25? Maganarsa tana da hujja, ba mu kuma ɓoye wa yaranmu wannan tarihi. Amsar Gwaggo ita ce, kakanta ne ya sha hayaƙin, shi ya kawo man shanun Fulani a ciki, shi ya mai da shi abincin salla, don haka nasa ne. Mun tsaya a kan maganarta.

Kiranmu ga 'yan'uwa na zanguna, daga Nima zuwa Kumasi, Yendi da Tamale, shi ne kowane gida yana da tsohuwar da ta riƙe wani abu a ka. Ku zauna da ita tun tana iya gyara muku. Allah ya ƙara wa iyayenmu lafiya, ya jiƙan waɗanda suka riga mu, amin.