Ƙurajen da Suka Riga Ranar Suna

Mu da ke aiki a ɗakin jarirai, babu abin da ke yawan haɗa mu da kakanni kamar ƙuraje. Yaro bai kai suna ba, ga ƙananan ƙuraje masu mugunya a haɓa da goshi da bayan wuya. Kaka ta riga ta yanke hukunci: zafi ne, a barbaɗa hoda.

Sau da yawa ba ta yi nisa da gaskiya ba, don mafi yawansu ba sa cutarwa. Akwai irin wanda ake haifar jariri da shi, ya fashe cikin kwana 1 ko 2, ya bar ɗan baƙin tabo da saɓa ta zagaye shi, tabon ya ɗauki makonni ko watanni kafin ya ɓace. A 1976 likitoci a Amurka suka yi bayaninsa, suka same shi a jikin kusan 4 cikin 100 na jarirai baƙar fata, a farar fata kuwa bai kai 1 cikin 100 ba. Wato a wurinmu ɗan gida ne, kuma ba ya buƙatar magani.

Abin da ke hana mu barci shi ne, ƙurjin da ke kisa ma haka yake farawa. Littattafan da muka karanta sun ce a duba jan da ya kewaye ƙurji, amma a fatar 'ya'yanmu ja ba ya fitowa sosai. Shi ya sa muke duba yaron kafin fatarsa. Yana kama nono? Zafin jikinsa ya kai 38, ko kuwa ya yi sanyi ƙalau? Yana farkawa idan an taɓa shi? Cibiyar na wari?

Idan mun yi shakka, likita zai kankaro ruwan ƙurjin a duba a madubin likita. Ƙwayoyin staph, masu sa fata ta kumbura ta saluɓe, suna bayyana a dunƙule, sai a fara maganin kashe su. Wanda muka fi tsoro, ko da yake ba kasafai ake ganinsa ba, shi ne herpes. Jariri kan ɗauke shi wajen haihuwa, sau da yawa uwar ba ta ma san tana da shi ba. Ƙurajensa sukan taru wuri guda, kuma yana iya kaiwa ƙwaƙwalwa da hanta. Shi kam ba a jiran sakamakon gwaji, nan take ake fara acyclovir ta jijiya, kwana 14, ko 21 idan ya wuce fata. Wani yaron a gadonmu ake raɗa masa suna, rago kuwa a yanka a gida ba ya nan.