Daga Magarya zuwa Damargu: tafiyar makiyaya cikin damina

Kowace shekara, da zarar ruwan shuka ya sauka a kudancin jihar Damagaram, cikin watan Yuni ko farkon Yuli, akwai bayin Allah da ke naɗe tabarminsu su fuskanci arewa. Su ne makiyayan da suka ci rani a fadamun Korama da karkarar Magarya da Matamai. Manomi ya zuba iri, tilas dabba ta ba gona wuri. Daga Magarya zuwa Tanut, cikin ƙasar Damargu, tafiyar ta kusa kilomita 240, kuma da ƙafa ake yin ta, cikin zafi da ruwan sama.

Mai irin wannan tafiya ba ya ɗaukar abin da ba shi da amfani yau ko gobe. Takarkari da jakuna ke ɗaukar kayan gida: ƙorai, tukunya, turmi, sandunan bukka da buhun hatsi, a ɗora yara ƙanana bisa. Saurayin da ke gaban garke kuwa, dukiyarsa duka tana rataye a kafaɗa: sanda, malfa, butar shayi, tocila, da bidon ruwa da aka naɗe da jiƙaƙƙen buhu don ya yi sanyi. Kakanninsa kabido suke yafawa, wanda ake saƙawa da kaba. Shi leda yake ninkewa ya soke a ɗamara.

Tun da asuba mata ke tatsar shanu, a yi salla, a sha fura ko gumba, a ɗaure kaya. Ba a gaggawa, domin ɗan maraƙin da aka haifa jiya shi ke yanke tsawon zango, kuma wani lokaci a wuya ake saɓa shi. Da hantsi, ƙasar da ta sha ruwa da dare sai ta shiga fitar da tururi, riga ta manne a jiki, ƙuda ya addabi mutum da dabba. Abin takaici ga matafiyi shi ne, gawon da ya cika gonakin wannan yanki da damina yake zubar da ganye. Itacen da ke ba manomi taki, ya ciyar da tumaki da rani, a wannan lokaci ba shi da inuwar da zai bayar. Sai a nemi gindin aduwa ko kuka.

Wajen la'asar ido ke komawa gabas, don daga can hadari ke tasowa. Iska mai ƙura ke fara isowa, gari ya yi ja, shanu su juya mata baya su tsaya cik. Mata su yi maza su rufe hatsi, domin in tufa ta jiƙe rana za ta busar da ita, in gero ya jiƙe an shiga uku. Dattawa kan hana yara fakewa gindin dogon itace saboda tsawa. In ruwa ya ɗauke, sai aikin hura wuta da ɗanyen itace, hayaƙi na cika ido. Amma hayaƙin nan shi ne maganin sauro. Barci rabi da rabi ake yin sa, wani ya kwanta wani ya tsaya, kar saniya ta sulale cikin gonar mutane.

Tsakanin Bande da Dogo hanya ke ratsa kwarin Korama, ƙasar rake da rogo da goruba. Ƙoramar da yaro ke tsallakewa da rani, bayan ruwan dare ɗaya sai ta hana jaki wucewa, a yi zaman jira har ta janye. Ƙafar da ta yini cikin takalmin roba da taɓo takan yi fari ta tsage tsakanin yatsu. Ga kaska a jikin dabbobi, ga kunama da kububuwa cikin ciyawa. Ruwan sha kuwa na tafki ne, wanda garke ya riga ya dama. Shekarun baya irin wannan ruwa ke kawo kurkunu, cutar da ta kwantar da mutane da yawa a yankin Mirya daidai lokacin noma, kafin Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar a 2013 cewa Nijar ta rabu da ita. Masassarar cizon sauro kuwa tana nan, kuma yaron da ta kama a tsakiyar daji yana nesa da likita.

Manyan duwatsun da ke kewaye da birnin Damagaram su ke shaida wa matafiyi cewa ya ci kashi mai tsoka na hanyarsa. Garin ya san baƙin tafiya tun zamanin Sarki Tanimun, wanda ya gina ganuwar Birni. A unguwar Zango ayarin Agadas da Tarabulus ke sauke kaya. Sai dai fatake sukan jira damina ta wuce, kuma Bajamushen nan Barth ma cikin sanyin Disambar 1852 ya iso. Makiyayi ba shi da wannan zaɓi. Garke na kewaya gari daga nesa, mata su shiga kasuwa da ƙwaryar nono su sayo hatsi, sukari, ganyen shayi da kanwa. A nan ake jin ciwon ciniki: lokacin ne hatsi ya fi tsada don rumbuna sun yi ƙasa, dabba kuma ta fito daga rani a rame, ba ta da daraja a idon dillali.

Amma duk wahalar ruwa da sauro ba ta kai ta burtali ba. Wannan hanya ta dabbobi da ke ratsa gonaki ita ce ran tafiyar, ga shi kuma jama'a na ƙaruwa, kowace shekara hauya na gutsurar gefenta. Inda burtali ya matse, saniya ɗaya ta miƙa wuya ta ci gero, sai a wayi gari gaban maigari ana lissafin ɓarna. Ba a rasa dokoki ba. Ta 1961 ta shata iyakar da noma bai kamata ya wuce ba ta arewa. Kundin dokokin karkara ya fito a 1993. Dokar kiwo ta 2010 ta amince da ƙaurar makiyaya a matsayin haƙƙi. A wurare da dama an kafa turakun siminti don nuna iyakar hanya. Duk wanda ya tuna abin da ya faru a Toda, cikin jihar Maradi, a watan Oktoban 1991, inda rikicin manoma da makiyaya ya ci rayuka fiye da 100, akasari mata da yara, ya san waɗannan turaku ba ado ba ne.

Arewa da gari, wajen Bakin Birji, matafiya kan hangi matatar man fetur da aka buɗe a 2011, motocin dakon mai na wuce su a kan kwalta. Sannu a hankali gonaki ke raguwa, itatuwa su gajarta, sama ta buɗe. Bayan Tanut sabuwar ciyawa ta shimfiɗu iyakar ganin ido, dare ya yi sanyi, sauro ya ragu, nono ya cika ƙorai. A nan ake kwance kaya, a gana da dangin da aka rabu da su tun bara, a yi suna da aure.

Hutun ba ya daɗewa. In tafkuna suka fara ƙafewa, ƙarangiya ta bushe tana kama ƙafa, sai a sake ɗaure kaya a fuskanci kudu, ana sauraron ranar da hukuma za ta ba da izinin sakin gonaki. Sa'an nan manomin da ya yi tsaron gonarsa da sanda shi ne zai roƙi garke ya kwana a cikinta don taki. Da nono da gero ake dama fura, kuma burtali ne ke sada su.