Ranar da baƙi suka nuna wa ɗan gari Yamai

Shekara talatin da ƴan kai ke nan wani mutumin Damagaram yana zaune a Yamai. Karatu ne ya kawo shi, aikin akawu a wata ma'aikata ya riƙe shi, aure da ƴaƴa suka ɗaure shi. Ya iya Zabarmanci daidai na gaisuwa da cefane, ya san hanyar da ake bi a kauce wa cunkoso, ya san inda ake sayar da kilishi mai kyau. In aka tambaye shi ko ya san Yamai, dariya yake yi, domin a ganinsa kamar a tambayi kifi ne ko ya san ruwa.

Ana tsakiyar damina, lokacin babban hutun ƴan lakwal, sai ga saƙo cewa abokansa biyu na ƙuruciya suna tafe. Ɗaya malamin lakwal ne a Damagaram, wanda kowa ke kira Mushe. Tare suka yi wasan ƙasa a unguwar Birni, tare kuma suka shiga jami'a. Na biyun Alhaji ne, Bagobiri na Tibiri, ɗan kasuwa a Maraɗi, wanda ya zauna benci ɗaya da su a kwaleji kafin ya lura cewa lissafin kasuwa ya fi na allo riba. Mushe ya taho da autarsa, ɗiyar da ta ci jarrabawar bak a wannan shekara, wadda ba ta taɓa wuce Maraɗi ba. Tafiyar kusan kilomita 900 suka sha a cikin kar, suka ɗauki Alhaji a hanya, suka iso da dare a gajiye liƙis.

Akawu ya daɗe yana shirin wannan rana. Ya rubuta a takarda wuraren da za a je: gadojin sama, manyan otal da aka gina gabanin taron Tarayyar Afirka na 2019, filin wasa na Janar Saini Kunce, sa'an nan abinci a wani wuri mai tsada. Ya ɗauki shatar taksi ta yini guda da kuɗin da ya fi ƙarfin aljihunsa. Dalili kuwa a ɓoye yake cikin zuciyarsa. Duk sa'ad da ya je gida, sai an tambaye shi abin da ya tsinta a Yamai, alhali har yanzu a gidan haya yake, ritaya kuma ta fara leƙo shi. Yana so abokansa su ga birnin da idonsu, su yarda cewa ba a banza ya ƙarar da ƙuruciyarsa a nan ba.

Tun da hantsi suka fita. Direban Bazabarme ne, da ganin tsagar fuskar Alhaji sai ya riƙe baki ya ce in da ya san Bagobiri zai ɗauka, da ya ninka kuɗin shata. Alhaji ya ce masa tun yaushe bawa ya fara yi wa ubangidansa ciniki. Wasan taubasai ya ɓarke, aka yi ta dariya, har ɗiyar Mushe da ta shiga mota a takure ta saki jiki.

Amma gadojin sama ba su yi aikin da Akawu ya sa musu rai ba. Mushe ya dube su da ladabi, ya ce Allah ya ƙara arziki. Alhaji ya tsaya lissafin buhun siminti nawa suka ci. Da suka bi titin da a da ake kira da sunan Janar De Gol, wanda aka mai da na Jibo Bakari a 2024, Mushe ne ya shiga yi wa ɗiyarsa bayanin mutumin da ya zama magajin garin Yamai na farko a 1956, ya kuma kira ƴan ƙasa su ce a'a a zaɓen raba gardama na 1958. Akawu yana bin titin nan kullum, amma bai taɓa gaya wa ƴaƴansa wannan ba.

Can sai yarinyar ta ce cikin kunya: "Baba, gidan tarihin nan da muke karantawa a littafi, yana da nisa ne?"

Ba shi da nisa, kuma ba ya cikin takardar. Akawu ya wuce ƙofarsa sau dubu, ya aika ƴaƴansa can ranar salla don kallon zaki da dorina, amma shi kansa bai taɓa sa ƙafa ciki ba. Kullum yana cewa wata rana, abin da ke kusa kuwa shi ne ba a yi wa rana.

Gidan tarihin, wanda ƴan Yamai ke kira Mize, an buɗe shi a 1959, tun kafin ƙasa ta samu ƴancin kai, yau kuma yana ɗauke da sunan Bubu Hama, marubucin da ya shugabanci majalisar dokoki har zuwa 1974. Fili ne mai faɗi a kan tudu, da ɗakuna masu farin fenti da shuɗi, an yi musu zane irin na maginan Hausa. Suka ga tufafin sarakuna da sulke da kayan doki, suka ga bukkoki da tantunan ƙabilun ƙasa, suka tsaya gun maƙeran azurfa da dukawa da masaƙa da ke aikinsu a idon jama'a. A gaban ƙasusuwan manyan dabbobin da aka tono a Gadafawa, cikin hamadar Agadas, Alhaji ya yi shiru, abin da ba a saba gani ba. Da aka ce masa sun fi shekara miliyan 100, kuma wannan ƙaton kada a cikin ruwa ya rayu a wurin da yau babu kome sai rairayi, sai ya girgiza kai ya ce: "Mai iko sai Allah. Ashe hamada ma ta taɓa yin arziki ta tsiyace."

Wurin da suka fi daɗewa shi ne gaban wani busasshen itace da aka gina wa rumfa. Itacen Tenere ke nan. Shi kaɗai ya tsaya a tsakiyar rairayi, kan hanyar ayarin gishiri tsakanin Agadas da Bilma, saiwarsa ta nutsa fiye da mita 30 tana neman ruwa. Ayari bayan ayari sun huta a gindinsa, ba wanda ya karya reshensa don hura wutar shayi, ba wanda ya bar raƙuminsa ya ci ganyensa. A 1973 wata babbar mota ta banke shi, a filin da babu wani abin bankewa sai shi. Aka ɗauko gawarsa zuwa Yamai, aka kafa na ƙarfe a gurbinsa.

Alhaji ya dafa kafaɗar Akawu ya ce: "Ga ɗan uwanka nan. Shi ma tumɓuko shi aka yi aka kawo Yamai, aka yi masa rumfa, ya bushe." Kowa ya yi dariya, har Akawu, amma tasa ba ta kai ciki ba.

Wurin abinci mai tsada ma bai samu shiga ba. Baƙin suka ce dambun zogale suke so da soyayyen giwan ruwa, a gindin itace, inda za a miƙe ƙafa. A nan tsohuwar gardama ta tashi. Mushe ya tuna wa direba cewa Damagaram ce babban birnin ƙasa har 1926, lokacin da Nasara suka kwashe ofisoshinsu suka dawo bakin kogi, sa'ad da Yamai ba ta wuce ƴan ƙauyuka ba, su Gawai da Kalle da Zango da Gamkalle. Direban ya ce to mene ne ya kore su, in ba ƙishirwa ba? Mushe ya rasa amsa, domin duk ɗan Damagaram ya san wahalar ruwan garinsu. Garin da ya fara da ƴan bukkoki, ƙidayar 2012 ta same shi da mutum fiye da miliyan 1.

Bayan azahar Alhaji ya ja su Babbar Kasuwa, wadda gobara ta cinye a 1982, aka sake gina ta aka buɗe a 1987. Ya shiga layin ƴan atamfa kamar gidansa, ya taya, ya raina, ya fito bai sayi kome ba sai farashi da ya cika kai da shi. Suna fitowa gabas ta yi baƙi ƙirin. Iska ta taso da jar ƙura, masu tebur suka shiga kwashe kaya, ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Suka laɓe a rumfar wani mai shayi, tituna suka koma magudanai. Akawu ya dubi takardarsa da ta jiƙe a aljihu, ya ga rabin abin da ya rubuta ba a je ba, ya ce a koma gida.

Mushe ya ce: "Saura wuri ɗaya. Gadar Kenedi. Amma a ƙasa za mu taka ta."

Akawu ya ce akwai sababbin gadoji biyu da suka fi ta kyau, ta 2011 da ta 2021. Mushe ya ce ya sani, ita dai yake so.

Ruwa ya ɗauke bayan la'asar, gari ya yi sanyi. Suka bar Alhaji da taubashinsa a mota, su uku suka hau gadar. An buɗe ta a 1970, tsawonta ya haura mita 700, kuma shekara 40 ita kaɗai ke haɗa gari da Harobanda, wato bayan ruwa, inda jami'a take. Ƙarƙashinsu kogin Isa ya cika ya yi ja wur. Mushe ya bayyana wa ɗiyarsa cewa cika biyu kogin ke yi a Yamai: ja ta damina, wadda rafukan yamma irin su Sirba ke kawowa da lakarsu daga wajen Burkina Faso, da kuma baƙa ta lokacin ɗari, ruwan duwatsun Gini da ke shafe watanni a fadamun Mali kafin ya iso. Ya ce a 1985 kogin nan ya tsaya cik don fari, a 2020 kuwa ya kai mita 7, ya fasa madatsa ya shiga gidajen Lamorde. Yarinyar ta riƙe ƙarfen gada da hannu biyu. Ba ta taɓa ganin ruwa mai yawan haka yana tafiya ba.

Da suka matsa gaba, Mushe ya tsaya. Ya ce mata ranar Juma'a, 9 ga watan Fabrairu 1990, zamanin Janar Ali Saibu, ɗalibai sun fito daga jami'a suka hau gadar nan za su shiga gari da kokensu game da tsuke bakin aljihun da ya taɓa karatu. Aka tare su, aka buɗe musu wuta. Uku hukuma ta ce sun rasu, da dama suka ji rauni. Jinin nan yana cikin abin da ya buɗe ƙofar jam'iyyu da yawa da Babban Taron Ƙasa na 1991. Ya nuna mata wajen da ya faɗi, mutane suka bi ta kansa, ya rasa takalmi da tabarau. Bai ɗaga murya ba, bai ƙara gishiri ba.

Akawu yana tsaye a gefe. Ya ƙetare gadar nan ba adadi, amma kullum a mota, ido a gaba. Tun 1990 bai sake taka ta da ƙafa ba. Sai ya ji bakinsa ya buɗe da maganar da ya riƙe shekara talatin da wani abu.

"Mushe, ran nan ban hau gadar ba. Tare muka fito, amma da na hango motocin a wancan ƙarshen sai na sulale na koma ɗaki. Da dare da kuka dawo na ce mun rabu ne cikin turmutsitsi. Ƙarya na yi."

Mushe ya daɗe yana kallon ruwa. Sa'an nan ya ce: "Na gan ka lokacin da ka juya. Ban taɓa riƙe ka ba. Kai kaɗai ne namiji gun tsohuwarka, na sani. Kuma wa ya bi ɗakunan likita yana nemana har asuba? Wa ya sayar da rediyonsa ya saya mini tabarau? Ka tuna rabi ka manta rabi."

Ya kamo hannun ɗiyarsa ya ce ba yawon buɗe ido kaɗai ya kawo shi ba. Yarinyar nan za ta shiga jami'ar Abdu Mumuni in an koma karatu, gadar nan za ta riƙa bi, shi kuwa yana can nisan kilomita 900. Ba shi da wanda zai ba amanarta a Yamai sai mutumin da ya san tsoro, domin wanda ya san tsoro shi ya san tsaron ɗan mutum. Ya ce mata: "Ga ubanki nan. Abin da ya hana ki, ni na hana ki."

Yarinyar ta rusuna ta ce: "To, Baba."

Akawu bai iya cewa kome ba sai "Allah ya ba ni ikon riƙewa." Rana tana faɗuwa ta wajen Harobanda, masunta suna tura jiragensu cikin jan ruwa, kiran sallar magariba ya fara tashi daga gaɓa biyu. Suka juya a hankali zuwa mota, inda Alhaji ke rantsuwa cewa sauron Yamai ma Bazabarme ne, tun da Bagobiri kaɗai yake cizo.

Hausawa na cewa baƙo raɓa ne, ɗan gari kaba. Gaskiya ne, bayan kwana uku raɓar ta tashi, kar ta kwashe su zuwa gabas. Amma raɓa ba ta tashi ba ta jiƙa abin da ta sauka a kai ba. Tambayar abin da ya tsinta a Yamai ta daina damun Akawu kamar da. Bai gina gida ba, amma an yi tafiyar yini da dare an kawo masa amana. Asabar ɗin da ta biyo, ya tara ƴaƴansa ya kai su Mize da kansa, ya tsaya da su gaban itacen Tenere. Daga nan suka gangara gada, a ƙasa, ya ba su labarin 9 ga Fabrairu tun daga farko, har da wajen da ya juya.