Olelewa: Gini Na Tashi, Sunayensa Na Ɓacewa

Matafiyin da ya bar Damagaram ya nufi Tanut, sai ya ratsa ƙasar Olelewa. Nan ne Damargu, ƙasar hatsi. Hausawa da Dagara da Buzaye da Fulani ke zaune a cikinta. Kusa da Bakin Birji, matatar man fetur ta SORAZ tana tsaye tun shekara ta 2011. A bakin hanya, gidajen siminti da kwano suna ta ƙaruwa.

Amma in aka saki kwalta aka shiga ƙauye, ginin ƙasa yana nan. Magini yakan kwaɓa ƙasa da ciyawa, ya yi tubali, ya shanya a rana. In bango ya tashi, sai a jera azara, wato itacen giginya da aka tsaga, wadda gara ba ta ci da sauƙi. Indararo ke zubar da ruwan sama nesa da bango. Zanko shi ne ƙahon da ke saman soro. Bakan gizo kuwa shi ne azarar da aka ɗaure, aka lanƙwasa daga bango zuwa bango, aka lulluɓe da ƙasa, don ɗaki ya yi faɗi ba tare da ginshiƙi a tsakiya ba.

Wannan sani ba ƙarami ba ne. Da shi Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarki Abdulkarim. Da shi kuma Falke Barmu ya soma masallacin Yama, a jahar Tawa, a 1962, wanda ya ci kyautar Aga Khan a 1986.

Turawa ma suna da irin nasu bakan gizo, amma na dutse, a tsofaffin majami'u. Kowane sashe da sunansa. Babban ɗakin da jama'a ke taruwa, Faransawa na ce masa "nef", daga kalmar Latin mai nufin jirgin ruwa. Mutanen Ingila sun ari da yawa daga kalmomin gini na Faransanci bayan Normandawa sun ci ƙasarsu a 1066. Daga baya wani magini, Viollet-le-Duc, ya tara sunayen nan da zanensu a ƙamus mai littafi 10, tsakanin 1854 da 1868. Da gobara ta cinye rufin majami'ar Notre-Dame ta birnin Paris a 2019, zanen da ya bari aka bi wajen mai da hasumiyarta. An sake buɗe ta a Disamba 2024.

A Damargu, ƙamus ɗin yana bakin tsofaffi. Yaron da ya koyi aikin siminti ya san bulo da ƙarfe, amma ba lalle ya san ɗaurin bakan gizo ba. In sunan abu ya ɓace, aikinsa ma yakan bi shi. Alhali a ƙasa mai zafi irin wannan, soron ƙasa ya fi ɗakin kwano sanyi, kuma kayansa ba su da tsada.

Saboda haka ya kamata malaman yaƙi da jahilci da ɗalibansu su zauna da tsofaffin magina, su rubuta kowane suna da yadda ake aikinsa. Matasa kuma su riƙa kama hannu lokacin yaɓe, kafin damina ta sauka. Da tsohuwar zuma ake magani.