Fijon Malam

A Karaye ba wanda yake cewa Peugeot. Fijo ake cewa, kuma in aka ce Fijo aka yi shiru, to 504 ake nufi. Tamu doguwa ce mai kujeru layi uku, haɗin masana'antar PAN da ke Kakuri a Kaduna, wadda ta fara harhaɗa motoci a 1975. Mahaifinmu, da kowa ke kira Malam, Allah Ya jiƙansa, ya saye ta hannu na biyu, ya yi shekaru yana kai-komo da ita tsakanin Karaye inda yake koyarwa da Rogo inda gonarsa da danginsa suke. Bayan rasuwarsa ta shekara shida a gindin darbejiyar ƙofar gida, tayoyi sun lotsa, kaji na kwana a ƙarƙashinta.

Da aka zo rabon gado, kuɗin ƙarfe aka yi mata. 'Yan gwangwan sun zagaya ta, sun ƙwanƙwasa ƙofofi, suka yi tayi kamar masu sayen tsohuwar tukunya. Mu ukun maza muka ce a sa ta cikin kasonmu. Hajiya ba ta hana ba, amma ta gindaya sharaɗi: in kaka ta yi motar ba ta kai ta Rogo wajen yayarta ta dawo da ita ba, a kira masu sikeli su ɗauke. Gwiwarta ta daina jure babur, kuma ta gaji da ganin gawar mota kullum ta leƙo waje.

Abin da muka iya warewa mu uku shi ne N40,000 a wata. Wannan kuɗi ba ya kai mota gareji a ce a yi mata komai. Abin da yake yi shi ne ya tilasta maka sanin abin da ya fi wani muhimmanci, kuma a nan muka fi yin gardama. Ƙaraminmu fenti yake so, don a daina yi mana dariya a majalisa. Muka kayar da shi biyu da ɗaya: birki tukuna, sai ruwan sanyaya inji, sai wuta da mai. Fenti ba ya tsayar da mota in akuya ta gitta.

Birkin ya cinye wata biyu cur. Mota in ta daɗe a tsaye, man birki yana jan laima, robobin ciki su rube, fistin ya kama. Ba mu sayi sabuwar masta ba; mun sayi robobinta kaɗai a Ƙofar Ruwa a Kano, muka wanke cikin silindar, muka mayar. Kulocin 504 ma da mai yake aiki, don haka aikin ya zama biyu. Fitar da iska daga bututun kuwa aikin mutum biyu ne, ɗaya a ciki yana taka feda, ɗaya a ƙasa da sifana yana ihun "taka, riƙe, saki", har yaran unguwa suka mai da shi waƙa.

Wani abu game da Ƙofar Ruwa: kayan 504 ba su ƙare ba. Faransa ta fito da motar a 1968, ta daina yin ta a 1983, amma Kaduna ta ci gaba da haɗa ta har cikin shekarun 2000, saboda haka akwai tsofaffin kaya jibge. Matsalar ita ce rarrabe na asali da jabu. A ganinmu tsohon ƙarfe na asali da aka kwance daga wata motar ya fi sabo mai ƙyalli a kwali, ban da roba. Roba, tiyo da fanbel, sabo kawai.

Abin da ya yi ƙaranci shi ne mutanen da suka san ta. Samarin kanikawan yanzu sun fi sabawa da na'urar da ake jona wa mota ta faɗi ciwonta, ita kuwa Fijo ba ta da inda za a jona komai. Sai a Rogo aka nuna mana wani dattijo da ya yi zamani da ita tun tana motar manyan ma'aikatan gwamnati. Idonsa ya yi rauni, ya bar aiki, amma ya yarda ya riƙa zuwa ranar Asabar in mun biya masa kuɗin mota da goro. Bai taɓa sifana ba ko sau ɗaya. Kujera muke ajiye masa a inuwa.

"Baba, ga wayoyin filogi za mu mayar."

"Ku dakata, samari. Ina lamba ɗaya?"

Dukanmu muka dube shi.

"Bafaranshe daga baya yake ƙirga, daga wajen giya. Ɗaya, uku, huɗu, biyu. In kuka ƙirgo daga gaba, sai ku kwana kuna zagin batir."

Irin wannan ilimi ba ya cikin kwalin kaya. Shi ya sa muka saita tazarar kwantak a milimita 0.4 da ma'auni, ba da ido ba. Shi ya hana mu sayen sabon kafireto, ya sa muka kwance na Solex ɗin da ke kai, muka jiƙa shi a fetur, muka hura kowace ƙaramar kafa har iska ta wuce. Tankin mai kuwa sai da muka sauke shi, muka zuba tsakuwa a ciki muka yi ta girgizawa, tsatsa na fita kamar garin barkono. Mu da muke cin abinci da rubuta manhajar kwamfuta mun gane tsarinsa nan take: canza abu ɗaya, gwada, sannan ka taɓa na biyu. Bambancin kawai, a nan kowane gwaji da fetur ake biyansa, kuma tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023 ba a wasa da lita.

Inda ya fi tsayawa shi ne zafi. Kan injin 504 na alminiyam ne, a kan gangar jiki ta baƙin ƙarfe. In ya tafasa sau ɗaya da kyau, kan ya lanƙwashe, gaskit ta ƙone, kuɗin wata huɗu ya tafi. Ya sa muka kai lagireto wajen masu walda aka buɗe shi aka tsefe bututunsa ɗaya bayan ɗaya. Ya kuma hana mu ɗura ruwan rijiya ko na dam ɗin Challawa kai tsaye, duk da yana nan kusa da mu, saboda laka da gishirin da ke taruwa su toshe hanya. A kan tamostat ne kaɗai muka saɓa da shi. Shi a wajensa cire ta ake yi a jefar, haka aka saba a ƙasar zafi. Mu muka ce inji na buƙatar ya kai zafinsa da wuri, musamman da sanyin hunturu. Muka sayi sabuwa muka sa. Ya ce, "Motarku ce," ya ɓare goronsa.

Ta tashi a wata na biyar, da tari da baƙin hayaƙi, sannan ta daidaita. Baba ya sa muka yi shiru, ya karkata kunne, ya ce a rage totur kaɗan.

An fara yankan dawa muka ɗauki Hajiya. A hanyar Rogo ne muka fahimci dalilin da ya sa irin wannan mota ta ci gasar Safari ta Kenya a 1975: tana shiga rami ta fito kamar ba ta ji ba. Ita doguwar Fijo ma sifirin huɗu gare ta a baya, biyu kowane gefe. Ɗayanmu na tuƙi, ɗaya idonsa na kan allurar zafi, na ukun na rungume da jarkar ruwa a kujerar ƙarshe. Hajiya ba ta ce komai ba har muka fara ganin gonakin rake, sannan ta ce ƙofarta na kaɗawa, kuma tun zamanin Malam haka take yi.

Mun dawo bayan la'asar da buhun masara biyu da mazarƙwaila a baya. Tayoyin gaba na hannu ne, shokozoba ɗaya na yoyo, gilashin direba sai an taimaka masa da tafin hannu. Kuɗin watan gobe na taya ne, na wata mai bi masa na shokozoba. Ƙaraminmu ya rubuta fenti a layi na tara.