Ba Ƙarar Bindiga Ke Kashe Giwa Ba

Mu da muka tashi a Achika, cikin ƙasar Wudil, mun saba ganin maharba da bindigar toka. Sukan ɗura mata albarushi da guntayen ƙarfe su harbi zomo ko zabo. Amma da maharbi zai tunkari giwa da wannan shiri, da ya sayar da ransa. Me ya sa? A darasin kimiyya muka samu amsa.

Isaac Newton na Ingila ya nuna cewa zurfin da abu zai nutsa cikin wani ya dogara ga tsawonsa, da kuma yadda ya fi abin da ya buga nauyi. Dalma ta fi nama nauyi kusan sau 11 in girmansu ɗaya. Ke nan dunƙulen dalma mai tsawon santimita 2 zai shiga kamar santimita 22 ne kawai. Fatar giwa kuwa takan kai kaurin santimita biyu da rabi, ga tsoka, ga ƙashi. Ƙara albarushi ba ya magance matsalar, domin dalma tana da taushi. In ta bugi ƙashi da gudu sai ta baje ta tsaya. Giwar da aka ji wa ciwo kuwa, kan maharbi take juyowa.

Kakanninmu sun gane wannan ba tare da allo da alli ba. Maharban giwa sukan cusa sango a bakin bindiga, wato gajeren mashi mai dafi. Dogo ne, siriri, duk nauyinsa yana bayan tsini ɗaya. Haka wani Bature mai suna Bell, wanda ya kashe giwaye sama da 1,000 a farkon ƙarni na 20, ya fi amfani da harsashi mai kaurin milimita 7 kacal, amma dogo mai tauri.

Irin wannan kisa ne ya rage giwaye a Afirka. An keɓe dajin Yankari a 1956, farauta a ciki kuwa laifi ne. Mu dai ba giwa za mu harba ba. Abin da za mu riƙe shi ne, ƙarfin da aka tara wuri ɗaya ya fi wanda aka watsa. 'Yan'uwa ɗalibai, mu tuna da haka kafin jarrabawa.