Daga Jalingo Zuwa Shika Neman Gashin Ciwon Daji

Duk baƙon da ya sauka Jalingo, abin da zai fara ɗauke masa ido shi ne duwatsun da suka kewaye garin, da kogin Mayo Gwoi wanda ya ratsa shi. Sarkin Muri Muhammadu Nya ne ya kafa sansaninsa a nan cikin 1893, sa'an nan garin ya zama hedkwatar Jihar Taraba a 1991. Amma ni ba yawon buɗe ido ya kai ni ba. Goggona ce likita ya ga sankara a mamanta, aka yi mata aiki, aka ce saura gashi. A lokacin kuwa babu injin gashi a garin, sai aka ba mu takarda zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, kusa da Zariya.

Da asuba muka kama hanya. Muka haye gadar Binuwai a Numan, muka bi ta Kaltungo da Gombe da Bauci, muka hau tudun Jos, ba mu shiga Zariya ba sai da dare ya raba. Duk ramin da mota ta faɗa, sai na ga Goggo ta cije leɓe. Muna tsakanin Gombe da Bauci ta dube ni ta ce, "Ɗan nan, gashin nan da wuta ake yinsa?"

To, jama'a, wannan tambaya ita ce ta hana mutane da yawa zuwa asibiti. Sunan ne kurum mai ban tsoro. Babu wuta, babu garwashi. Wani haske ne wanda ido ba ya gani, dangin wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi, sai dai ya fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba. Likita yakan auna wurin, a yi alama a fata, a kwantar da mutum, a saita hasken daidai kan cutar don ya kashe ƙwayoyinta. 'Yan mintoci ne, kuma ba a jin zafi lokacin da ake yi. Daga baya ne fata kan yi duhu, jiki ya yi nauyi.

Wahalar tana wajen daɗewa. Ba a ba da hasken gaba ɗaya, domin naman da ke da lafiya yana bukatar hutu ya farfaɗo. Saboda haka kwana 5 ake yi a mako, har mako 5 ko 6. In aka yanke a tsakiya, cutar takan sami sarari ta sake toho. Watau manomin da ya fito daga Zing ko Karim Lamido sai ya bar gona, ya nemi masauki da abinci na fiye da wata guda a garin da bai san kowa ba. Mun tarar da waɗanda suka sayar da shanu kafin su iso.

Masana sun ce kusan rabin masu ciwon daji suna bukatar gashi. A Legas aka fara kafa babban injinsa a Nijeriya cikin 1973, kuma a 2025 an buɗe sababbin cibiyoyi a Katsina da Enugu da Benin. Madalla. Roƙonmu ga hukuma shi ne ta tuna da mutanen Muri da Mambila, ta kuma gina masauki kusa da kowane inji.

Ku kuwa 'yan'uwa mata, in kun ji ƙullutu a mama, kada ku tsaya shafe-shafe. Goggo ta cika kwanakinta, ta koma Jalingo da ƙafarta. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.